Maman Sampa da Sunan da Ke Goshin Mota

Prisca Lombe tana sayar da furanni a bakin maƙabartar garinmu, Luanshya, a gindin wata bishiyar mangwaro da ba ta yarda kowa ya sha 'ya'yanta, wai saiwarta ta tsallaka katanga ta shiga ciki. Furannin na roba ne. Tana murɗa su a jikin waya ta yi kambu, irin wanda ake ɗorawa a kan kabari. Ba mai kiranta Prisca. Tun ranar da ta haifi 'yarta ta zama Maman Sampa, kamar yadda kowa a nan yake ajiye sunan yanka da zarar ya samu haihuwa. Sunan yanka na yara ne da takardun gwamnati.

Na san ta a shekarar da na binne ɗana Chomba. Nakan je maƙabartar duk Asabar da safe. A lokacin mutane sun daina ce mini Maman Chomba. A ɗakin gwajin ruwan sha inda nake aiki suka koma "Madam", a coci suka koma "'yar'uwa". Kowa yana kauce wa sunan don kada ya tayar mini da hankali. Ita kuwa ranar da na fara tsayawa a gaban teburinta sai ta tambaye ni wurin wa na zo. Na faɗa mata.

"To Maman Chomba, ke 'yar wane dangi ce?"

"Ruwan sama."

Ta ajiye filayar da ke hannunta ta tafa. "Ashe fitina ce ta zo mini da sassafe! Ni 'yar naman kaza ce."

Dangin ruwan sama da dangin naman kaza, wannan da ke tsirowa a ƙasa da damina, abokan wasa ne, kuma wasanmu bai san makoki ba. Abokin wasanka ne kaɗai yake da ikon tsokanarka ranar da kake kuka.

"Ku ne masu sauka ba sallama, ku jiƙa wa mutane shanya," in ji ta. "Ko jiya sai da kuka lalata mini kaya."

"Ba don mu ba, da kun tsiro?"

Maganar ta fita kafin in yi tunani. Ta yi dariya har ta dafa tebur, ni ma na ji ina yi, abin da na daɗe ban yi ba. Daga ranar kujerar robar da ke gefenta ta zama tawa.

An haife ta a wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Bangweulu. Ta zo gari tana budurwa, wurin wata gwaggonta mai ɗinka kayan amare, a nan ta koyi ɗaura furen roba a jikin mayafi. Da gwaggon ta rufe shago sai ta zauna ta yi nazari, ta ga biki a garin nan sai an girbe masara ko shekara ta zo ƙarshe, jana'iza kuwa kullum ana yi. Ta kwashe furanninta ta dawo bakin maƙabarta. Tana da dokokinta. Ba ta sayar da jan fure don kabarin tsoho. Ba ta ciniki da mai kuka, sai ta ce a turo mata ɗaya daga cikin surukai, don su idonsu a bushe yake. Idan aka ba ta dogon saƙo ta rubuta a ƙyallen da ake ratayawa jikin kambu, takan ce, "A rage. Mamacin ba zai karanta ba, masu rai kuma sauri suke yi."

Uban 'yarta direban ƙaramar bas ne, Evans Nkole a takarda, yana jigila tsakanin Luanshya da Ndola. Sun zauna tare 'yan shekaru, ba a kai ga ɗaura aure ba, suka rabu ba wanda ya ji kansu. Ba shi da wani ɗa bayan Sampa. A makon da aka haife ta ya kai motarsa wurin mai fenti, aka rubuta BABAN SAMPA da manyan haruffa ruwan ɗorawa a goshinta, saman gilashi. Da wannan sunan tasha ta san shi. Fasinja ba sa cewa suna jiran motar Ndola, sai su ce suna jiran Baban Sampa.

Rabuwar ba ta sa ya manta da 'yarsa ba. Duk ƙarshen wata yakan karkato daga hanya, mota cike da mutane, ya tsaya a ƙofar maƙabarta yana danna oda. Kwandasta ya sauke buhun garin masara da galan ɗin man girki, shi kuma ya miƙo ta taga abin da makaranta ta nema na littafi da riga da takalmi. Fasinja su yi ta ihu daga ciki.

"Direba, ba mu iso nan ba tukuna!"

"Wuce da mu, da sauranmu!"

Maman Sampa ta ɗaga musu kambu sama ta ce, "Ku zaɓi naku tun yanzu, akwai rangwame ga wanda ya zo da ƙafarsa!"

Ba rubutu, ba shaida, ba wanda ya tilasta masa. Haka ake yi har Sampa ta kai aji huɗu.

Sai wani ƙarshen wata motar ba ta karkato ba. Na gaba ma haka. Da farko ta mai da abin raha. "Ya manta hanyar maƙabarta ne," in ji ta. "Zai tuna. Kowa yana tunawa." Da buhun ya zo gindi sai ta ɗaura zane ta tafi tasha. Ta same shi a rumfar mai abinci yana cin tuwon masara da ƙananan kifi.

Abin da ya faru shi ne mijin yayarsa ya rasu a Kasama, yayar ta kwaso 'ya'yanta ta sauka a gidansa. A al'adarmu ɗa na dangin uwarsa ne, kuma kawu ne ke ɗaukar nauyinsa. Iyayenmu a haka suka tashi. A gari kuwa kowa yana tuna wannan dokar ne ranar da ta yi masa daidai. Ga yadda ta ba ni labarin zamansu:

"Na ce masa, Baban Sampa, garin gidana ya ƙare. Ya ce, Maman Sampa, nawa ma ƙarewa yake, bakuna sun yi mini yawa. Na ce, a cikin bakunan ina na 'yarka? Sai ya sunkuyar da kai ya ce wai Yaya ta ce Sampa tana da kawu. Na ce, na ji na Yaya, kai me ka ce? Ya ce in zauna in ci tuwo."

"Kika zauna?"

"Na zauna mana. Har na sa aka ƙara mini kifi, shi ya biya."

Sampa tana da kawu, wannan gaskiya ne. Yayan Prisca ne, masunci a bakin tafki, mai kwalekwale ɗaya da gida cike da 'ya'ya. Ba shi da abin aikowa, amma yana da tabarma da kifi. Mahaifiyar Prisca ta bugo waya ta yanke magana: idan aka yi hutun ƙarshen shekara za ta zo da kanta ta tafi da yarinyar gidan kawunta. Makarantar da ta fi kusa da ƙauyen sai an shiga kwalekwale, kuma da damina ba mai zuwa. Prisca ta san wannan sarai, don ita ma a aji huɗu karatunta ya tsaya.

Furanni suna biyan kuɗin ɗaki da gawayi, ba sa ɗaukar fiye da haka. Na yi tayin taimako. Ta karɓa sau ɗaya, da na sake sai ta ture hannuna.

"Ba ke kika haife ta ba. Wanda ya haife ta yana nan da ransa, yana cin kifi."

Wata Asabar na same ta tana murɗa waya ba ta magana, abin da ban taɓa gani ba. Can ta ce, "Idan ta tafi, wa zan riƙa yi wa faɗa da safe?" Na san yadda gida yake zama idan babu yaro a ciki.

Ni ce na kawo maganar kotu. Ta zaro ido.

"Kotu? Ɓarawo ne shi?"

Na ce mata doka ba ta tambayar dangin yaro, uwa da uba ta sani, ko an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba. Na ce akwai ƙaramar kotu da ba a shiga da lauya, mutum ne zai tsaya ya faɗi abin da ke damunsa da bakinsa. Ta yi makonni tana juya maganar. Tsoronta kada a tashi ana nuna Sampa ana cewa ga yarinyar da aka kai ubanta gaban alƙali saboda ita. Abin da ya yanke mata shawara wata wayar ce daga ƙauye. Tsohuwar ta ce kada a wahalar da kai a sayi sabon takalmin makaranta, a can ba za ta buƙace shi ba. Ranar Litinin Prisca ta rufe teburinta da leda, muka tafi tare.

Akawun kotu ya ɗauki biro. "Sunan wanda ake ƙara?"

"Baban Sampa."

"Sunansa na takarda nake nufi, Mama."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta yi shekaru ba ta furta shi ba. Ta matsa kusa da akawun ta raɗa masa kamar mai faɗin abin kunya: "Evans."

Aka ba masinjan kotu sammaci. Mutum ne mai son aikinsa, sabon zuwa garin. Ya je tashar Luanshya ya tambayi Evans Nkole. 'Yan kamasho suka dubi juna, suka rantse masa ba su da mai wannan sunan, kuma ba ƙarya suka yi ba. Wani ya ce ya gwada tashar Ndola. Ya hau mota ya tafi, can ma aka ce ba a san shi ba. Ya dawo ya rubuta cewa ba a samu wanda ake nema ba. Da muka koma jin bayani ya ba mu labarin wahalar da ya sha, ya ce Allah ya taimake shi ya samu gaban mota zuwa da dawowa, direban kuma mutumin kirki ne, sun yi ta hirar ƙwallo.

"Wace mota ka hau?" in ji Prisca.

"Wata mai rubutu a goshi. Baban wani abu."

Sai da aka ba ta kujera. Ta yi dariya har hawaye ya zubo mata, akawun yana buga tebur yana cewa a yi shiru, shi ma kafaɗunsa suna rawa. Masinjan ya karɓi takardarsa ya fita. Washegari sammaci ya isa hannun mai shi.

Wannan kuskuren ya ci mana lokaci. Ranar da aka sa mana ta faɗo a makon da aka rufe makarantu, kuma ana gobe za a zauna tsohuwa ta iso daga ƙauye da ƙunshin busasshen kifi da wata jaka babu komai a ciki, ta zuba kayan jikarta. Ta ce ita ba za ta taka kotu ba, ba ta kashe kowa ba. Prisca ta bar mata tebur ta tsare.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, rufin kwano, bencuna cike da masu jiran tasu ƙarar. Alƙalin dattijo ne mai tabarau rataye da zare. Baban Sampa ya zo cikin farar riga da aka goge, yayarsa a gefensa, doguwar mace mai baƙin ɗankwali na takaba. Akawu ya kira, "Evans Nkole!" Shiru. Baban Sampa yana waige-waige tare da sauran jama'a, yana jiran ya ga wanda zai tashi, sai da yayar ta zungure shi da gwiwar hannu.

Prisca ta faɗi nata a taƙaice: abin da yake kawowa, lokacin da ya daina, da jakar da ke jiran 'yarta a gida. Alƙali ya juya wurinsa.

"Kana musun abin da ta faɗa?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To me ya hana ka?"

Ya dubi yayarsa, sannan ya karanto abin da aka koya masa. "Ni na haife ta, amma ba tamu ba ce. Ta dangin uwarta ce. Ni ina riƙe da 'ya'yan yayata, kamar yadda aka san kawu da yi. Ita ma tana da nata kawun."

Yayar ta miƙe ba a ba ta izini ba. "Haka kakanninmu suka yi, ranka ya daɗe. Ba mu muka ƙirƙiro ba. Marayu nake riƙe da su, ƙanena shi kaɗai ne gatansu." Ba wanda ya yi dariya, don gaskiya ta faɗa.

Alƙali ya ce ta zauna, ya tambayi Prisca ko tana da abin cewa. A hanya mun yi ta bitar abin da za ta faɗa, na abinci da na makaranta, a tsare. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ranka ya daɗe, na yarda da Yaya. Sampa tamu ce, daga kanta har ƙafarta. To tunda tamu ce, sunanta ma namu ne. A bar maganar garin masara. Ya mayar mana da sunanmu."

Alƙali ya sa tabarau. "Wane suna?"

"Wanda yake yawo da shi a goshin mota. Ya kankare shi. Daga yau kwandastansa ya riƙa ce masa Evans. 'Yan kamasho su ce, Evans, matso da motarka. Mai abinci ta ce, Evans, zo ɗauki kwanonka. Yaran makaranta su tsaya bakin titi su ce, Evans, tsaya mana."

Matar da ta kasa furta sunan a gaban akawu, ga ta tana jera shi a bainar jama'a, tana jan ƙarshensa. Duk sanda ta faɗa sai wuyansa ya ƙara shigewa cikin kwalar riga. Daga bencin baya wani tsoho ya ce, "Evans, zauna daidai, manya suna magana!" Ɗakin ya fashe da dariya.

Ya miƙe tsaye. "Ba wanda zai taɓa mini mota! Sunana ne! 'Yata ce! A cikin motar nan na ɗauko ta daga asibiti, na sauke fasinja duka na mayar musu da kuɗinsu, ku tambayi tasha!"

Yayar tana jan rigarsa. "Kai, zauna!"

"Yaya, ki ƙyale ni. Mutum da furfurarsa a ce masa Evans?"

Alƙali ya jira hayaniya ta lafa. Ya ce kotu ba ta da ikon kankare fenti, kuma ba ta raba suna, amma ta ji abin da ya faɗa da bakinsa. Ya ce riƙon 'ya'yan 'yar'uwa abin yabo ne, ba wanda zai hana shi, sai dai doka ta ɗora wa uba ciyar da ɗansa da karatunsa, kowane dangi ɗan ya bi. Ya tambaye shi abin da mota take kawowa da yawan mutanen gidansa, ya tambayi Prisca abin da furanni suke kawowa. Sannan ya yanke abin da zai riƙa biya duk ƙarshen wata ta hannun kotu, ƙasa kaɗan da abin da yake kawowa a da, saboda marayun, da kayan makaranta a farkon kowane zango. Idan ya saɓa za a sake kiransa.

Ya kamata in faɗi abu ɗaya don kada labarin ya wuce gaskiyarsa. Ko da Prisca ba ta yi maganar suna ba, hukuncin ɗaya ne, don abin da doka ta ce ke nan. Amma na san mata da suka fita daga wannan ɗakin da hukunci a hannu, suka yi ta zarya ba su ga komai ba. Abin da ya sa nata ya yi aiki shi ne kafin la'asar duk tasha ta ji labari. 'Yan kamasho ba sa ma faɗin sunan. Idan wata ya kusa ƙarewa sai ɗayansu ya tsaya gaban motar, ya ɗaga kai yana duban rubutun, ya tambayi na kusa da shi nawa ake sayar da wuƙar kankare fenti yanzu.

A ƙofar kotu yayar ta tare mu. "Kin kunyata mini ƙane a gaban mutane."

"Yaya, ki yi haƙuri. Ki kawo yaran ranar Lahadi bayan coci, Sampa ba ta san 'yan'uwanta ba. Akwai kifi, Inna ta kawo da yawa."

Matar ta tsaya tana dubanta, kamar tana neman inda zagin yake a cikin maganar. Da ba ta same shi ba sai ta ce za ta duba.

Muka tarar da tsohuwa zaune a bayan tebur, ta haɗe rai, Sampa tana tsefe mata kai. Prisca ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗa mata yadda aka yi. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Wato jakar nan a banza na ɗauko ta."

"A banza, Inna."

"Na gaya wa duk ƙauye jikata za ta zo. Kawunta har ya sa an saƙa sabuwar tabarma. Da wane ido zan sauka daga mota ni kaɗai?"

Sampa ta daina tsifa tana duban uwarta. Prisca ta dubi 'yarta, ta juyo wurin tsohuwar.

"To ki tafi da ita hutu. Hutu kawai. Kafin a buɗe makaranta ki dawo mini da ita."

"In na ga dama," in ji tsohuwar, tana ɓoye murmushi a bakin zane.

"Inna, ki kiyaye. Yanzu na san hanyar kotu."

Sampa ta dawo ana saura kwanaki a koma makaranta, ta yi baƙi, ta iya tuƙa kwalekwale, tana magana da irin harshen mutanen tafki. Uwarta ta yi mako guda tana wanke mata kaya kafin warin hayaƙin kifi ya fita. Ta shiga aji biyar a watan Janairu.